Canjin botom filet na Corolla: a gida ko a gareji?

Ɗan uwa da kake tambaya kan Corolla ɗinka 2005 da dutse ya daki ƙasanta baƙin mai ya fara ɗiga, wai ka canja botom filet ɗin (kaskon da man inji ke taruwa a ƙasa) da kanka ko ka kaiwa bakanike, to bari in jera maka su gefe da gefe kaga inda kowanne yafi.

Amma kafin nan dan Allah ka tabbatar daga kaskon ne man ke fita. Ka wanke ƙasan injin tas, ka bari ya bushe, ka tada motar kamar minti 10 ka leƙa da tocila. Injin 1ZZ dake cikin wannan Corolla ya saba yoyo ta robar tenshina na tayimin cen, man sai ya gangaro ya taru a ƙasa kai kuma ka ɗauka kasko ne ya fashe. Wani lokacin ma woshar notin juye ce kawai ta gaji.

In dai kaskon ne, kwancewa da ɗaurawa a wannan motar ba wani abu bane, gida da gareji duk ɗaya. Kaskon ƙarfe ne, notunansa wajen 16 duk lamba 10, na juye lamba 14, kuma ba wani babban ƙarfe da ya tare hanya.

Inda gareji ya fika nesa ba kusa ba shine wajen shiga ƙarƙashin mota. Su suna da rami, kai jak gareka, kuma jak an yishi ne dan ya ɗaga mota a canja taya ba dan mutum ya kwanta a ƙarƙashi ba. Bulon siminti ma kar ka yarda dashi, rugujewa yake lokaci ɗaya ba gargaɗi. In baka da ƙafafun ƙarfen nan na tokare mota guda 2 da daɓen siminti mai kyau, da katakon da zaka sa bayan tayoyin baya, to wlh magana ta ƙare anan, ka kai gareji. Wannan kam bana sassauci akai.

Gida kuma yafi gareji a wajen gam, kuma anan ne aikin yake gyaruwa ko ya lalace. Wannan kaskon baida gasket, gam ne ake shafawa, mai jure zafi da mai. Dole ka kankare tsohon gam ɗin gaba ɗaya daga bakin kasko da jikin inji, ka goge har ya zama ba maiƙo ko kaɗan, kuma man zai ta ɗigowa daga sama yana ɓata maka wajen, shi yasa yafi kyau ka juye man da yamma ka bar motar ta kwana tana tsanewa. Sannan ka ja layin gam siriri kamar milimita 4, ka bi ta gefen ciki na ramukan noti ba ta waje ba, ka maida kaskon cikin minti 3 kafin gam ya fara bushewa, ka jira aƙalla awa 2 kafin ka zuba mai. To wane gareji ne zai baka wannan lokacin? Akwai masu yi tsakani da Allah, amma da yawa motoci na jiransu, sai a lafta gam da yatsa a ɗaure a zuba mai nan take. Gam ɗin da yayi yawa matsowa yake ta ciki, ya gutsure ya toshe rariyar oyal fam, mai ya daina hawa sama yadda ya kamata, daga nan sai kaji ance inji ya buga. Abin na min ciwo dan aikin ƙaramin kuɗi ne yake jawo sayen inji.

Wajen ɓamɓaro kaskon ka bi a hankali, zai manne sosai, ka zura siririn ƙarfe mai faɗi kana zagayawa, kar ka buga sukundireba da guduma dan jikin injin alminiyam ne, in ya karce yoyon bazai taɓa tsayawa ba. Ɗauri kuma Nm 9 ne kacal (Nm ma'aunin ƙarfin ɗaure noti ne), na juye 37, kana yi kana tsallakawa daga wannan gefe zuwa wancan. In ka danne da ƙarfi noti ya karye a ciki, nan ma gareji ya fika, su zasu huda su ciro, kai kuwa mota ta zauna maka ba mai sai dai a jawota.

Maganar kuɗi ba wani bambanci sosai. Kasko da gam da filta da mai kamar lita 4 ko ina akayi aikin kai zaka saya, kuɗin hannu kawai zaka rage, in kuma sai ka sayi kayan aiki to a karon farko ma gida zai fi tsada. In Beljiyam zaka ɗauko a Ƙofar Ruwa ko Panteka ka ɗora bakinsa kan abu mai shafe kaga bai lanƙwashe ba, ka gwada notin juye da hannu kaji zaren bai cinye ba. Tsohon naka in ƙaramin tsagu ne mai walda zai iya kamawa, amma sai an cireshi an wanke, ba a jikin mota ba.

Masu Accord EOD kar ku ɗauki wannan ku dora a taku, naku na alminiyam ne kuma sai an ɗaga inji ko an sauke ƙarfen ƙasa kafin ya fito, wannan aikin gareji ne.

Ni dai a Corolla, in kana da abin tokare mota kuma ka saba yin juye da kanka, kayi a gida. In babu, ka sayi gam mai kyau da kanka ka tafi dashi garejin da sassafe, ka tsaya akan aikin, ka ce a bar motar sai bayan azahar a zuba mai. In an tada ka duba wutar mai ta mutu nan da nan, da daddare kuma ka shimfiɗa kwali a ƙarƙashi ka duba da safe.