Kantin giyar Turai a Filato: shawarar ajiya ba ta dace da zafin Yamai ba

A unguwar Filato, nan Yamai, akwai wani ƙaramin kanti da ke sayar da kayan abincin Turai, kuma a ƙuryarsa ta ciki mai kantin ya keɓe kanta guda domin giyar ƙananan masana'antu na Beljiyam da Ingila da Folan. Na san mafi yawan masu karanta Hausa ba sa shan giya saboda addini, kuma ina girmama hakan. Na yi wannan rubutu ne domin ƴan'uwana Kiristoci da ma'aikatan gidajen abinci masu hidimar baƙi, waɗanda sau da yawa ake ba su irin shawarar da aka ba ni a wannan kanti.

Ana gab da Kirsimeti na sayi kwalba huɗu, biyu na saison, wato giyar Beljiyam mai yawan kumfa, biyu na porter, wato baƙar giyar Ingila. Mai kantin dattijo ne mai fara'a wanda ya san kayansa ciki da bai. Yana naɗe kwalaben da takarda ya ce mini: "Ƙanena, ka sha ɗaya daga kowace iri yanzu, sauran ka ɓoye su, in sun kwana biyu za ka dawo ka yi mini godiya." Na ce: "To, Yaya, zan gwada."

Maganarsa tana da tushe a tarihi. Manoman Waloniya, kudancin Beljiyam, sun kasance suna dafa saison a lokacin sanyi, su ajiye ta har lokacin girbi domin ƴan ƙwadagon gona, kuma har yau masana'antar Dupont da ke ƙauyen Tourpes tana barin yis mai rai a cikin kwalba, yana ci gaba da aiki bayan an toshe bakinta. Ita kuwa porter a Landan ta samo asali a farkon ƙarni na 18, ta kuma ari sunanta daga ƴan dakon birnin. Akan tsima ta watanni a manyan gangunan katako, waɗanda girmansu ya kai ga cewa da ɗaya ta fashe a masana'antar Meux a shekarar 1814, ambaliyar giyar ta kashe mutum takwas. Sai dai duk wannan ajiya a ƙasashen sanyi aka yi ta, yayin da a Yamai zafin rana yakan haura digiri 40 a watan Afrilu.

Saison ɗin da na buɗe a daren Kirsimeti ta cancanci kuɗinta. Kumfanta fari fat, ya tsaya a bakin kofi kamar audugar da aka shiɓa, ƙamshinta ya haɗa ɓawon lemo da masoro, ga ɗan ɗaci mai wanke baki wanda ya dace da gasasshiyar zabuwa. Porter ɗin ma ta yi daɗi, baƙa wuluk, da ɗanɗanon gasasshen sha'ir mai kama da kofi da cakulan.

Sauran biyun na sa su a ƙasan kabad, a ɗakin da ya fi kowane sanyi a gidana, suka ci bazara gaba ɗaya a can. Da na kwance wayar da ke riƙe da toshiyar saison a watan Satumba, toshiyar ta yi tsalle da kanta, kumfa ya malalo har kusan kashi ɗaya bisa uku na kwalbar ya ƙare a kan teburi. Abin da ya rage ba shi da ƙamshin lemo ko kaɗan, sai wari irin na kwalin da ruwa ya jiƙa. Porter ɗin ba ta yi bori ba, amma ta yi lami, ɗanɗanon kofin ya gudu, ya bar wani zaƙi mai nauyi da ɗan gishiri-gishiri kamar an jefa dunƙulen magi a ciki.

Dalilin ba ɓoyayye ba ne. Ƴar iskar da ta rage a cikin kwalba tana cin ƙamshin furen hublon, wanda ke ba giya ɗaci da ƙamshi, sannu a hankali, kuma masu dafa giya sun daɗe da sanin cewa duk ƙarin zafi na digiri 10 yana ninka saurin wannan lalacewa aƙalla sau biyu. Zafin kuma yana zaburar da yis, ya cinye ragowar sukari, iskar gas da yake fitarwa ta taru fiye da yadda aka tsara. Ga kuma abin da mai kantin bai lissafa ba: tun da aka rufe iyaka da Benin a 2023, kaya da yawa ta tashar Lome suke biyowa, su ratsa Burkina Faso a cikin manyan motoci, su yi makonni a hanya cikin rana. Kwalbar da ta iso Filato ta riga ta tsufa kafin mai saye ya taɓa ta.

Saboda haka ra'ayina shi ne a sha saison cikin makonni kaɗan da saye, haka ma porter irin ta Ingila da ƙarfin barasarta bai wuce kashi 5 ko 6 cikin ɗari ba. Wadda kawai zan yarda a ajiye ita ce porter ta yankin Baltik, irin Żywiec ta Folan mai kashi 9.5 cikin ɗari, domin ƙarfinta yana kare ta, ita ma a firji, ga wanda wuta ba ta yawan ɗauke masa.

Kantin kansa ina yaba masa. Yana da tsabta, mai shi ba ya ɓoye ranar ƙarewar kaya, kuma ba ya gajiya da tambaya. Abin da na ga ya kamata ya gyara shi ne korayen kwalaben saison da ya jera kusa da taga, domin koren gilashi ba ya tare hasken da ke sa giya wari. Da na koma na ba shi labarin kwalabena, ya saurara har ƙarshe bai katse ni ba, sannan ya kira yaronsa ya ce a kwashe na bakin tagar a mayar da su firjin da ke ciki.