Ofishin walwalar marasa lafiya a sashen ciwon daji (kansa) lokacin korona: tauraro 4 na ba su

Duk mai jinyar mai ciwon daji a asibitin koyarwa, dan Allah ya nemi ofishin walwala, wanda ake ce wa soshal walfeya, don mutane da yawa ba su ma san da shi ba. Mu gwaggona ce ke karɓar kemo, wato allurar maganin ciwon daji, na kansar mama a 2020, daidai lokacin da aka saka dokar kulle a Kano a watan Afrilu, ga kuma an hana tafiya daga jiha zuwa jiha, mu ko asibitinmu a wata jihar yake.

Kafin korona aikinsu fuska da fuska ne, su zagaya gado-gado, su zauna da dangi, su bincika waye ba shi da hali a nema masa sassaucin kuɗi ko taimakon masu hannu da shuni. Korona na zuwa aka rage masu shiga ɗakin marasa lafiya, mai jinya ɗaya tal, saboda kemo yana karya garkuwar jiki, komai ya koma waya. Matar da ke kula da fayil ɗinmu wlh da katin wayarta take kiranmu, ita ta bi likita ya rubuta mana takardar da muke nuna wa jami'an tsaro a shingaye, ita ta lallashi gwaggo da ta ce ta fasa zuwa don tsoron kar a ce korona gare ta a killace ta. "Mama ki yi haƙuri, tsallake allura ɗaya ba ƙaramin abu ba ne," haka ta dinga fama da ita har ta yarda.

Inda na cire tauraro ɗaya, lambar ofishin kam sai ka gaji da kira ba a ɗaga ba, ma'aikatan sun yi kaɗan, su ne na kansa su ne na sauran sassa. Kuma gaskiya aljihunsu wayam, masu ba da tallafi duk sun karkata ga korona, maganin kemo ya yi tsada, abin da za su iya kawai su rubuta wasiƙa su yi ta bibiya. Batun na'urar gasa ciwon daji da ke yawan lalacewa kuwa ba laifinsu ba ne.

In za ka je, tafi da katin asibiti da duk rasit ɗin magani, ka je da safe, kuma ka roƙi lambar ma'aikaciyar kai tsaye.