Wane Jirgi Maras Matuƙi Za Ka Saya Don Kada Ya Faɗi Tun Tashin Farko?

Masu ɗaukar hoton biki a Gombe sun riga sun gane cewa yanzu ango da amarya ba sa gamsuwa sai an nuna musu ayarin motocinsu daga sama. Dillalan filaye a Tumfure su ma suna so, haka manoman rani a Dadin Kowa masu son ganin inda ruwa ya kai da inda bai kai ba a gona. Shi ya sa tambayar wane diron ya kamata a saya ta yi yawa. Abin takaicin shi ne da yawa ba sa tambaya sai sun riga sun biya kuɗi, jirgin ya tashi sau ɗaya, an tsinto shi a leda: farfela a karye, kyamara tana reto da siririyar waya, mai shi yana rantsuwa cewa bai taɓa komai ba. Sau da yawa kuma gaskiya yake faɗa. Faɗuwar tashin farko galibi tun a wurin ciniki ake sayo ta, don haka daga can ya kamata a fara.

Mu fara kawar da wanda ya fi cin kuɗin mutane. Akwai ƙananan jiragen nan masu naɗewa da ake sayarwa da sunaye irin su E88 da E99, kwalinsu ɗauke da 4K ko 8K da manyan baƙaƙe, an ƙera su su yi kama da Mavic, jirgin kamfanin DJI. Ba su da GPS, kuma duk maganar a nan take. Jirgi mai GPS yana karɓar saƙo daga taurarin ɗan adam ya san inda yake, idan ka saki rimot sai ya tsaya cak a sama yana gyara kansa. Wanda ba shi da shi kuwa, duk inda iska ta nufa nan ya nufa. A watan Disamba ko Janairu, da iskar hunturu ta kaɗa, kana kallo zai haye katangar maƙwabta, kai kuma a ruɗe za ka danna abin da zai ƙarasa shi. Batirinsa mintuna kaɗan ne, hotonsa yana rawa. Idan yaro za ka saya wa ya yi wasa a tsakar gida, babu laifi. Idan aiki za ka yi da shi, araha ba ta ado.

Sai masu haɗawa da kansu, yawanci ɗaliban jami'a masu aikin kammala karatu: a sayo gangar jiki ta F450, injuna huɗu, ƙwaƙwalwar jirgi irin Pixhawk, a zauna a harhaɗa. Ina girmama wannan hanya domin ita ce ke koya wa mutum yadda abin yake aiki, amma a nan ne aka fi ganin jirgin da ke kifewa tun kafin ya bar ƙasa. Dalilin yawanci ba ya wuce uku. A jirgi mai farfela huɗu, biyu suna juyawa dama, biyu hagu, kuma kowace farfela an lanƙwasa ta ne don ɓangare ɗaya. Ka sa ta dama a injin hagu, sai ta riƙa tura iska sama maimakon ƙasa. Ko kuma an jona injunan ba bisa jerin da ƙwaƙwalwar ta sani ba, ta ce wa na gaba ya ƙara ƙarfi sai na baya ya amsa. Ko an ɗaura ƙwaƙwalwar kibiyarta tana kallon wani gefe ba gaba ba. Matsalar injuna ana gano ta a kan tebur idan aka cire farfelu aka gwada injunan ɗaya bayan ɗaya, kuma injin da ke juyawa ba daidai ba, musanya biyu daga cikin wayoyinsa uku ya isa ya juya shi. Wanda yake da bikin da zai ɗauka ranar Asabar, wannan ba hanyarsa ba ce.

Tsohon Phantom 4 da ake tallatawa da araha ya fito tun 2016, nauyinsa ya kusa kilo ɗaya da rabi, kuma batir mai lafiya ya yi masa wuya. Ba na son irin wannan nauyi a kan taron mutane a hannun sabon shiga. Jiragen tsere da ake tuƙawa da tabarau sai wanda ya daɗe yana koyo. Potensic Atom yana da GPS kuma ba laifi, sai dai ranar da farfela ta karye za ka sha yawon nema.

Ni dai DJI Mini 4K nake nuna wa duk wanda ya tambaye ni, ko yayyensa Mini 2 na 2020 da Mini 2 SE na 2023, domin kusan jiki ɗaya ne kuma batir ɗaya suke amfani da shi. Mini 4K ya fito a 2024. Nauyinsa bai kai giram 249 ba, yana shiga aljihun jaka, kuma ko ya faɗo ɓarnar da zai yi ba ta kai ta manya ba. Kyamararsa tana kan mariƙi mai motsi ta fuska uku, don haka ko jirgin yana kokawa da iska hoton yana nan daram. Kamfanin ya ce yana jure iska mai gudun kusan kilomita 38 a awa, kuma batir ɗaya yana kai minti 31. A aikace ka sa ran ashirin da 'yan kai, ka sauko da saura. Amma ba waɗannan lambobin ne suka sa nake son sa ba. Abin da ya fi burge ni shi ne jirgin yana magana kafin ya yi ɓarna. Idan kamfas ɗinsa, wato na'urar da ke nuna masa gabas da yamma, ya rikice zai rubuta maka a fuskar waya. Idan bai samu isassun taurari ba zai gaya maka. Yana riƙe wurin da ya tashi a matsayin gida, idan sadarwa ta yanke tsakaninsa da rimot ko batir ya yi ƙasa, sai ya kamo hanya da kansa. Farfelunsa ma an yi wa wasu alama, an yi wa hannayen da suka dace da su irin alamar, don kada a yi kuskuren nan na musanyawa. Kuma da yake yana da yawa a hannun mutane, farfela da batir da wanda ya iya gyara ba sa wuyar samu a Kano ko Abuja.

Rauninsa ɗaya dole ka sani: ba ya ganin abin da ke gabansa ko bayansa, ƙasa kawai yake gani. Idan zai koma gida da kansa, yana hawa zuwa tsayin da aka saita masa ne ya miƙe. In tsayin nan bai wuce hasumiyar masallaci ko ƙarfen sabis na unguwarku ba, zai je ya yi karo da shi. Saitin minti ɗaya ne a manhajar jirgin da ke wayarka, amma shi ya cinye jirage da yawa. Mai son jirgin da ke kauce wa cikas ta kowane gefe sai ya tafi Mini 4 Pro na 2023, kuɗinsa kuwa ya ninka na wannan fiye da sau biyu, kuma siraran wayoyin lantarki ko shi ba ya ganinsu sosai. Mini 3 yana tsakiya: ya fi kyan hoto da yamma, kuma kyamararsa tana juyawa a tsaye don masu TikTok. In da hali, shi ma zaɓi ne mai kyau.

Yanzu ga inda nake so a buɗe kunne, domin nan aka taɓa cutata. Na taɓa sayen na hannu daga wani mai shago a wani gari, aka sako mini a mota. A waya ya ce, "Alhaji, wallahi kamar sabo ne, mai shi sau biyu ya tashe shi." Jiki tas, babu ƙwarzane. Batirin ne ya ɗan kumbura ta yadda sai ka ɗora shi a kan gilashi ka ga yana lilo kafin ka gane, kuma kumburin ya hana maƙallinsa kamawa har ƙarshe. Jirgin yana sama a wani fili, waya tana nuna caji ya fi rabi, sai injuna huɗu suka ɗauke lokaci ɗaya. Da na kira shi, sai ya ce ai tuƙi ne ban iya ba. Tun daga ranar, batir nake fara dubawa kafin kyamara. Jirgin da ya faɗo kai tsaye ba tare da ya yi tangaɗi ba, kusan kullum wuta ce ta yanke masa. Ka cire batirin ka shafa shi, ka ɗora a wuri mai santsi. Ka mayar da shi ka ji ƙarar kamawarsa, ka ɗan ja ka gani ko zai fito. A cikin manhaja akwai inda ake nuna sau nawa aka yi cajinsa. Mai cewa sau biyu aka tashi jirgi, lambar nan za ta gaskata shi ko ta ƙaryata shi. Zafin Gombe a Maris da Afrilu yana taɓa digiri 40, wanda shi ne iyakar da kamfanin ya gindaya wa jirgin, don haka batirin da aka saba bari a cikin mota a rana ya riga ya tsufa ko da ba a yi aiki da shi ba.

Batir na jabu ma ya cika kasuwa, da farfelun da ba na asali ba. Farfelar bogi robarta ko ta yi taushi ko ta yi gautsi, tana sa jirgi karkarwa, hoton ya riƙa yin igiyar ruwa, wata rana kuma ta tsinke a sama. Ka duba ƙananan sukurorin da ke riƙe ta: idan kawunansu sun cinye, an sha kwancewa, wato jirgin ya sha faɗuwa. Ka buɗe hannayen huɗu ka duba gindinsu ko akwai alamar gam. Ka juya kowane inji da yatsa. Wanda ke ƙaras-ƙaras yashi ya shige shi. Idan aka kunna, mariƙin kyamara ya kamata ya yi ɗan motsinsa ya daidaita ya tsaya, ba ya riƙa kakkaɓi ba.

Akwai wata damfarar da ta fi wannan zafi. Jirgin DJI ana ɗaure shi da asusun mai shi. Idan na sata ne, ko wanda aka tsinta a gona, ko mai shi bai cire shi daga asusunsa ba, za ka iya biyan kuɗi ka koma gida da abin da ba zai yi maka aiki yadda ya kamata ba. Kada kuɗi ya bar hannunka sai mai sayarwa ya cire shi daga asusunsa a gabanka, ka shiga da naka, ka ga ya karɓa. Lambar da ke jikin jirgi ta dace da ta kwali da wadda manhaja ta nuna. Su kuma masu talla a Facebook da Instagram da ke cewa sabon Mini ne a kwali a kuɗin da bai kai na ƙaramar waya ba, lissafi kawai za ka yi: dala 299 aka sa wa Mini 4K ranar da ya fito a Amurka. Ka buga da canjin yau, ka ƙara kuɗin shigowa da ribar ɗan kasuwa. Duk wanda ya yi ƙasa da haka sosai, ko dai E88 ne aka canza wa kwali, ko kuma da ka tura kuɗin za ka tarar an toshe lambarka. Hatta manhajar sai an kula: DJI Fly ta Android ba ta cikin Play Store, daga shafin kamfanin ake sauke ta, masu kama da ita da ke can ba nasu ba ne. Wasu ƙananan wayoyi kuma ba sa ɗaukarta sam, don haka ka gwada a wayarka kafin ka sayi jirgin.

Maganar hukuma ba ta wasa ba ce a yankinmu. Hukumar kula da sufurin jiragen sama, NCAA, ita ke ba da izini, kuma ofishin mai ba shugaban ƙasa shawara kan tsaro yana da hannu a shigo da waɗannan jirage da tantance masu amfani da su. A farkon 2025 rundunar Operation Hadin Kai ta sanar da hana tashin diron a yankin da take aiki a Arewa maso Gabas, mu kuwa muna iyaka da Borno da Yobe da Adamawa. Ka nemi izini, ka nisanci filin jirgin sama na Lawanti da barikoki da gidan gwamnati. Ranar hawan sallah ma kada ka saukar da shi kusa da dawakai, ƙararsa tana firgita su.

Idan ka saya, ka ƙara da batir na biyu da farfelu na asali tun a ranar. Tashin farko kuma ka yi shi da sassafe kafin iska ta taso, a fili mai faɗi, ba a saman rufin siminti ba, domin rodin da ke cikin siminti yana rikita kamfas, haka ma kan mota. Jirgin da ka ga yana zagaye yana faɗaɗa da'ira da kansa, rikicewar kamfas ce cutarsa, ka sauke shi nan take ka canza wuri. Ka shimfiɗa kwali ko tabarma don ƙura kada ta shiga injuna, ka cire murfin kyamara kafin ka kunna, ka jira har manhaja ta ce ta riƙe wurin tashi. Ka ɗaga shi daidai tsayin mutum ka saki rimot na minti ɗaya, kana sauraron ƙararsa. Idan shirwa ta fara shawagi a kansa, ka sauke shi ka jira ta wuce.