Matar da ta hana ni sayen man yuro 70 a Faris

Sanyin Faris ba irin hunturunmu na Maraɗi ba ne. Can iska ce ke busar da jiki, ka shafa mai ka kama gabanka. Nan kuwa abu biyu ne suka haɗe wa fata kai: na'urar ɗumama ɗaki da ke tsotse laimar iska dare da rana, da ruwan famfonsu mai barin farin ɓurɓushi a gindin butar shayi. Ni da ma tun ina yarinya fatata ba ta ɗaukar wargi, sabulu kaɗan sai ta yi bori. Kafin Janairu ya raba, kumatuna sun yi kaushi, gefen hancina yana saɓa, ga raɗaɗi duk sa'ad da ruwa ya taɓa fuskar.

Na shiga farmasin unguwarmu da kuɗina a hannu. Na duba jerin mayukan, na ɗauko wanda ya fi kowanne kyan kwalba, mai murfin ruwan zinariya, kusan yuro 70. Ai da "araha ba ta ado" aka raine mu. Matar da ke bayan kanta, wata dattijuwa mai farar riga, ta karɓa kamar za ta buga kuɗi, sai ta tsaya ta ƙura wa fuskata ido. Ta ce, "Madam, ke za ki shafa?" Na ce i. Ta tambaye ni sabulun da nake wanka da shi, da ko ruwa mai zafi sosai nake sakar wa jikina, da ko ina fesa turare a wuya. Sannan ta juya kwalin, ta aza farce kan ƙananan rubutun baya: parfum, limonene, linalool. Ta ce waɗannan ƙamshi ne, kuma ƙamshi na sahun gaba cikin abubuwan da ke tayar da irin fatata. Ta zagayo da ƙafarta ta mayar da kwalbar mazauninta, ta sunkuya can ƙasa inda ido ba ya kaiwa, ta ɗauko wani farin bututu marar fasali. Giram 250, bai kai yuro 10 ba. Abin da ke aiki a ciki uku ne: gilisarin kashi 15 cikin ɗari, basilin kashi 8, man farafin kashi 2.

Wallahi sai da na ji wani iri. Na ɗauka ta dubi lulluɓina ne ta yanke cewa ba ni da halin babban. Har na ce mata ina da kuɗin. Ta yi murmushi ta ce ta sani, idan fuskar ta lafa in dawo ta sayar mini da duk abin da raina ke so, amma yau a'a. Ta ƙara da cewa in ajiye sabulu, in koma wa wani abin wanki marar kumfa sosai, in shafa man tun jikina da sauran danshi. Duk sabon abin da zan gwada kuma in fara ɗiga shi a cikin gwiwar hannu, in ba shi kwanaki in gani.

Fuskar ta lafa. Amma ba wannan ne ya tsaya mini a rai ba. Mace ta ga yuro 70 suna shigowa aljihun shagonsu, ta kore su da hannunta! Na yi ta juya abin a jirgin ƙasa har gida. A ƙasar nan ba kowa ke buɗe kantin magani ba, sai wanda ya yi karatun haɗa magunguna, shekara 6 mafi ƙaranci, kuma shi doka ta yarda ya mallaki shagon. Mu kuwa kun san yadda ake yi. Ki nuna wa yaron shago kumatunki, ya jero miki mai da sabulu da ruwan gogewa, ya rantse cewa Hajiya wance ma shi take shafawa. Ba a taɓa ce mini "wannan ba naki ba ne" a wani shago a gida ba.

Tun daga ranar na zama mai karatun bayan kwali. Dokar Tarayyar Turai ta tilasta a jera abin da ke cikin kowane man shafawa, daga mafi yawa zuwa mafi ƙaranci, kuma akwai sinadaran ƙamshi 26 da dole a ambaci sunansu saboda masu borin fata. A 2023 ma aka ƙara wasu 56 a kansu. Na je manyan shagunan kayan kwalliya, inda ake fesa maka turare tun daga bakin ƙofa ko ba ka nema ba, na ɗauki Crème de la Mer, wanda 'yar kwalbarsa ta mililita 60 ta haura yuro 300, kusan jaka 200 ke nan na sefa. Bayan ruwan ciyawar teku da suke tinƙaho da shi, abin da ke biye man farafin ne, da basilin, da gilisarin. Can ƙasa kuma ga turare. Ban ce ba shi da daɗin shafawa ba, yana da shi, kuma wadda fatarta ke ɗaukar komai, kuɗinta ne. Amma mai fata irin tawa, ƙarin da za ta biya na kwalba ne da talla da ƙamshin da zai iya tayar mata da ƙaiƙayi. Basilin ɗin nan tun 1872 wani Ba'amurke, Robert Chesebrough, ya yi masa rajista, har yau likitocin fata ba su daina tura mutane gare shi ba.

Kada ku ɗauka Turawan waliyyai ne. Kamfani ɗaya, L'Oréal, shi ke da Lancôme na masu hannu da shuni, shi ke da La Roche-Posay da CeraVe na farmasi, shi ke da Mixa da Garnier na babban kanti. Ta duk ƙofar da kika shiga, aljihu ɗaya kuɗin ke faɗawa. Wani kamfanin kuma har ruwa yake durawa a gwangwani ya sayar, na maɓuɓɓugar Avène da ke kudancin ƙasar, a fesa a fuska. Kuma ganin likitan fata a nan sai mai haƙuri: ki nemi layi a cikin sanyi, a ba ki rana a cikin zafi. Takardun bayanin ma duk maganar "jan fata" suke yi, alhali mu namu borin ba ja yake fitowa ba, toka-toka yake yi, in ya warke ya bar baƙin tabo na watanni.

Wuri ɗaya na yarda a ƙara kuɗi: man kariya daga rana. Tabon nan rana ce ke ƙara masa duhu, kuma da yawa daga cikin masu araha suna barin fari fat a baƙar fuska. Wanda ke nutsewa ba ya barin alama, ba shi da turare, yakan ɗan fi tsada, kuma ya ci kuɗinsa.

Abin da ya sa na yi kewar gida kuwa, man kaɗanya. Ga shi nan a rabin kwalayen da na juya, da dogon sunan Latin. L'Occitane, wata masana'antar kayan kwalliya ta Faransa, tun shekarun 1980 take sayensa daga matan Burkina Faso, ta tace, ta zuba a 'yar gwangwani, ta sa masa farashin da Inna za ta ce an yi hauka. Inna kuwa curi guda take saye idan hunturu ya kama, ta narka a tafin hannu bayan wankan yamma, ta bi mu ɗaya bayan ɗaya har tsakanin yatsun ƙafa, muna ta ƙorafin wari. Ba mai faso a gidanmu. Yanzu 'ya'yanmu sun raina shi, wai na ƙauye ne, masu sayarwa kuma wasu sun koyi gauraya shi da wani man don ya yi auki.

Sannan ga abin da ya fi ci mini tuwo a ƙwarya. Da yawa daga cikin masu cewa fatarsu ba ta son komai, ba haka aka haife su ba, man haɗi na bilicin ne ya cinye ta. Robar da ba suna, ba kwanan wata, wata ta dama a ɗakinta ta tallata a WhatsApp, a ciki ga hydroquinone, sinadarin hasken fata wanda Turai ta haramta a kayan kwalliya tun 2001, ga clobetasol, maganin likita mai ƙarfi da ke sirantar da fata har jijiyoyi su bayyana, nankarwa ta tsage cinya da hammata. Ranar da aka daina, fuska ta fashe da ƙuraje, sai a koma. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ruwaito a 2011 cewa kashi 77 cikin ɗari na matan Najeriya na amfani da man bilicin, NAFDAC kuma, hukumar kula da abinci da magunguna ta ƙasar, ta ayyana lamarin a matsayin na gaggawa a 2023. Mu a Maraɗi ba mu da bakin yi musu dariya, kayan ta Jibiya suke shigo mana. Ko nan Faris, je ki unguwar Château Rouge, za ki ga 'yan uwanmu na neman irinsu a ɓoye. Ga masu matsa lemon tsami a fuska, ga masu dirzar sabulun salo safe da yamma a fatar da ke kuka, ga humra har cikin man shafawa. Amarya ta sha gyaran jiki na mako biyu, ta yi wata uku tana jinyar kumatu.

Da azumin bara 'yar yayata ta aiko mini da saƙon murya: "Tanti, don Allah a sako mini man Turai mai kyau, fuskata ta lalace." Na tambaye ta abin da take shafawa, ta yi ta kwana-kwana. Na ce ta ajiye shi, ta je likita ya duba ta, na kuma ba mai tafiya irin farin bututun nan guda biyu ya kai mata. Da na kira yayata bayan Sallah, ta ce ai yarinyar ko buɗewa ba ta yi ba, wai ba ya ƙamshi kuma kwalin bai yi kama da na Turai ba. Maigidan ne ke shafa wa dugadugansa.