Gargaɗi ga mafarauta: mai tallar ƙaramar bindiga .22 a WhatsApp ɓarawo ne

'Yan uwa mafarauta, mutumin nan da ke yawo da hotunan ƙaramar bindiga a WhatsApp, wai .22 ce ta farauta har da lasisi, ɗan damfara ne. Naira 280,000 ya ci a wurin ƙanena, kuma ni da bakina na ce masa ya tura. Naira 280,000, kuɗin waken da ya noma.

Kada wani ya ce ban san bindiga ba. Mutumin ya iya zance. Ya ce libarba ce, wato ƙaramar bindiga mai gangar harsasai da ke juyawa, ƙirar Smith & Wesson 317, mai cin harsashi 8, jikinta alminiyam, ba ta kai rabin kilo ba, irin wadda maharban Amurka ke ratayawa a ƙugu saboda zomo da kurege. Duk abin da ya faɗa a kan 317 haka yake, ko ɗaya bai kuskure ba. To a kan me zan zarge shi? Hoton farko ma nata ne, ashe daga intanet ya kwaso.

Bidiyon bindigar da ya turo ne ke hana ni barci. Sau biyu na kalla na ce ta gaske ce. Yanzu na kalla ya fi sau ashirin. Harsashin .22 LR, wanda 317 ke ci, gindinsa shafe yake, ba shi da ɗan zagayen nan a tsakiya, domin a gefen gindin allura ke dukansa, kuma kansa dalma ce mai kaurin milimita 5.6. Waɗanda ya zuba a tafin hannunsa kuwa duk suna da zagaye a tsakiyar gindi, bakinsu a tsuke, babu dalma ko kaɗan. Harsasan ƙara ne kawai, waɗanda ba sa fitar da dalma. Ramukan da ake zuba su 6 na ƙirga, ba 8 ba. Kuma bai taɓa haska cikin bakin bindigar ba, don irin wannan bindigar ta ƙara kawai akwai ƙarfe a gicciye a cikin bakinta. Ya juya ta da sauri, ya ja kunama ta yi ƙas, ni kuma na ce wa yaro tura. Da bakina na ce tura.

Naira 150,000 kafin alƙalami ranar Talata. A'a, na lasisi ya fara karɓa, 85,000, don takardar ce ya fara turowa mai tambarin 'yan sanda, sannan 150,000 ɗin. Daga baya 45,000 wai na direba, an tare shi a hanya. Asusu uku, suna uku daban-daban. Da aka tambaye shi lambar motar sai ya toshe mu.

Takardar ta fi komai ƙona min rai, domin na san dokar. A Dokar Bindigogi ta 1959, fistol da libarba suna cikin rukunin haramtattu, Shugaban Ƙasa kaɗai ke ba da izininsu. Sufeto Janar na 'yan sanda bindigar farauta irin mai baki ɗaya ko biyu yake ba wa lasisi, shi ma a 2023 ya ce an dakatar da ba da sabo. Adaka tamu ta gado kuma a wurin kwamishinan 'yan sanda na jiha take. Da a ce ta gasken ce ta iso, ɗaurin shekara 10 ne mafi ƙaranci ke jiran yaron. Ɓarawon ya san haka, ya san wanda ya cuta zai ji tsoron kai ƙara. Na san duk wannan, amma ya ce akwai sabon tsari na musamman ga ƙungiyoyin mafarauta, na yarda. Naira 280,000.

Hotunan hirar da rasit ukun suna wayar ƙanena, zan sako su da daddare in na rufe sunansa. Mun kai ƙorafi banki da lambobin asusun.

Babu lasisin libarba a WhatsApp. Kada ku tura ko sisi, ku faɗa wa sarkin bakanku ya sanar da yara.