Dashen Gwanda a Hanyar Kuje: Mai Lambun da Bai Yi Mini Alƙawarin Ƙarya Ba

A farkon daminar bara na sayi dashen gwanda guda 30 a wani lambun renon tsirrai da ke hanyar Kuje, domin in shuka a filin bayan gidanmu. Na jinkirta rubuta ra'ayina har sai da itatuwan suka yi fure suka kuma yi 'ya'ya, saboda ba a sanin ingancin dashen gwanda ranar saye.

Abin da ya fara burge ni shi ne amsar da mai lambun ya ba ni da na nemi ya zaɓo mini mata zalla. Ya ce, "Ranka ya daɗe, duk wanda ya ce maka yana gane namiji da tamata a ganyen ƙaramin dashe, kuɗinka kawai yake so." Ya shawarce ni in sa uku a kowane rami, in bari su yi fure, sannan in bar guda in sare sauran. Da farko na ɗauka dabarar ƙara ciniki ce, amma ilimin tsirrai yana bayansa.

Gwanda jinsi uku ce: akwai tamata, akwai namiji mai furanni a kan dogon sili wanda ba kasafai yake 'ya'ya ba, akwai kuma mata-maza wadda furenta ya haɗa sassan biyu, take yi wa kanta barbara. Yawancin tsirrai masu fure mata-maza ne, kuma kusan kashi 6 cikin 100 ne kawai suka rabu gida biyu kamar dabino. A 1978 masana ilimin halitta Brian da Deborah Charlesworth suka bayyana yadda rabuwar kan faru: sauyi na farko a ƙwayar halitta yana kashe ɓangaren namiji a wasu tsirrai su zama mata, sauyi na biyu ya danne ɓangaren tamata a sauran su zama maza, daga nan ƙwayoyin biyu su riƙa tafiya tare a gado har kuromozom na jinsi, wato ƙunshin ƙwayoyin halittar da ke tantance jinsi, ya samu. A gwanda tamata tana ɗauke da XX, namiji XY, mata-maza kuwa X ne da wani nau'in Y da ake kira Yh. Binciken da aka wallafa a 2015 ya nuna cewa Yh ya fito ne daga Y na namiji kimanin shekara 4,000 da suka wuce a Amurka ta Tsakiya, wato mata-maza, gwandar da manoma suka fi so, komawa ta yi ga halin kakanninta na nesa.

Dalilin da ya sa ido ba ya rarrabe dashe shi ne, kusan dukkan ƙwayoyin halittar jinsunan uku iri ɗaya ne. Bambancin yana ga waɗanda ake kunnawa da ƙarfi ko ake rage wa aiki, kuma wannan ya fi bayyana a fure, ba a ganye ba.

Mai lambun ya ce irinsa daga mata-maza ya fito. Irin da ta yi wa kanta barbara yana ba da mata-maza biyu a kan tamata ɗaya, ba ya ba da namiji, don haka da wuya dashe uku su zo mata duka. A lissafi rami ɗaya ne cikin 27. A ramukana goma ban ga namiji ko ɗaya ba, kuma kowanne ya ba ni mata-maza mai dogayen 'ya'ya, sabanin na tamata masu kewaye.

Ba a rasa aibi ba. Babu rubutun sunan iri a jikin ledojin, kuma yaron da ya kawo kayan ya jibge su a keke-napep ba tare da inuwa ba, har guda huɗu suka yi yaushi, biyu suka mutu. An musanya mini su ba da gardama ba, amma sai da na koma da ƙafata. Haka kuma ba a gargaɗe ni cewa furen mata-maza yana jin yanayi ba: a zafin Maris na Abuja wasu furannin sun fito ba ɓangaren tamata, suka zube, sanyi kuwa yana sa 'ya'yan su fito a murguɗe. Wanda zai kai wannan dashe Jos ya kamata ya bar wasu itatuwan gwanda mata a gonarsa, domin furensu ya fi jure sauyin yanayi.