Wasiƙa daga Melbourne: Yadda na ga gidajen sushi a Fitzroy da Collingwood

Assalamu alaikum Yaya,

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kuna lafiya, ke da maigidan da yara, da fatan kasuwa na ta albarka. Kin ce wasu kwastomominki sun fara tambayar sushi, abincin Japanawan nan na shinkafa da kifi da suke gani a Instagram, har kina tunanin ko ki ƙara shi a cikin abin da kike sayarwa. Saƙon murya ba zai ɗauki bayanin ba, shi ya sa na zauna na rubuto miki abin da idona ya gani, da abin da aljihuna ya ji.

Inda na fi cin sa shi ne Fitzroy da Collingwood, unguwanni biyu da ke manne da tsakiyar birnin Melbourne na ƙasar Ostireliya, titin Smith ne ya raba su. Jirgin kan titi mai lamba 86, wanda suke kira tiram, yana bi ta nan, tafiyar ba ta wuce kwata ɗin awa daga cikin gari. A da unguwannin leburori ne da masana'antun takalma, yanzu kuwa haya ta yi tashin gwauron zabi, tsofaffin ɗakunan ajiyar kaya sun koma gidajen abinci da na shan kofi. Ba za ki yi tafiya mai nisa a titin Smith ko na Brunswick ba sai kin ga shagon Japanawa.

Mafi araha shi ne na tsaya-ka-saya. Akwai akwatin gilashi mai sanyi a bakin shagon, an jera naɗaɗɗiyar shinkafa a cikin baƙin ganyen teku da ake kira nori, tsawonta kamar tafin hannu, ba a yanka ta ba. A ciki ana sa kifin tuna dafaffe da mayonis, ko ɗanyen kifin salmon da fiya, ko kokwamba, ko soyayyar kaza. Kowane ɗaya dala 4 zuwa 5 na kuɗin Ostireliya, kuma dalar nan ta kusa naira 1,000 a canjin kwanakin nan. Ɗalibai da ma'aikatan ofis da shi suke yin abincin rana, su sayi biyu ko uku a jakar takarda suna tafe suna ci. Ni dai uku ba sa riƙe ni har la'asar. Kuɗin da zan kashe a kansu, a wurinki zai sayi shinkafa da miya da kaza har mutum ya bar saura.

Na biyu shi ne wanda yaranki za su so. Ana zama a kan dogayen kujeru, a gabanki wani siririn bel yana zagayawa da ƙananan faranta, kowanne da murfin roba, a ciki sushi guda biyu. Wanda ya yi miki sai ki miƙa hannu ki ɗauka. Launin farantin shi ne farashinsa, idan kin gama a ƙirga faranta a ba ki lissafi. Wani mai gidan abinci a yankin Osaka, Yoshiaki Shiraishi, shi ya fara wannan dabara a 1958, saboda ƙarancin ma'aikata. Dabara ce mai kyau ga mai shago, mai haɗari ga mai ci, domin faranti dala 5 ko 6 ba ya tsorata mutum, sai ya duba ya ga ya tara goma.

Sai na manya, wanda suke kira omakase. Babu takardar zaɓen abinci, mai girkin ne ke zaɓa miki, kujerun ba su fi goma sha biyu ba, kuma sai an kama wuri tun makonni kafin ranar. Mutum ɗaya yakan biya sama da dala 200. Wannan ban ga dalilin da zai kai ni ba.

Amma na zauna a gaban kanta a wani matsakaicin shago na kalli mai yanka kifi da kyau, kuma abin ya tsaya mini a rai. Wuƙarsa doguwa ce siririya, gefe ɗaya kawai aka wasa. Ba ya gurzawa gaba da baya, ja ɗaya yake yi daga gindin wuƙar zuwa tsininta, yankan ya faɗo sumul yana ƙyalli. Kafin ya sake yanka sai ya goge wuƙar da jiƙaƙƙen ƙyalle da ke ninke a gefen damansa. Sai ya tsoma yatsu a ruwa, ya ɗebo shinkafa loma guda, ya shafa ɗan koren yajin da ake kira wasabi a cikin yankan kifin, ya haɗa su ya matsa da yatsu biyu, ya juya ya sake matsawa, ya ajiye a gabana. Duka bai kai daƙiƙa goma ba. Shinkafar da ɗuminta, kifin da sanyinsa, kuma wallahi Yaya babu ƙarni ko kaɗan. Katakon da yake aiki a kai, duk tsawon zamana ban ga ɗigon ruwa ya zauna a kai ba.

Rashin ƙarnin nan shi ne gaba ɗaya sirrin, kuma ba daga hannun mai girki ya fara ba. Salmon ɗin da ake ci a nan kiwonsa ake yi a cikin teku a tsibirin Tasmaniya, daga fitowarsa ruwa har zuwa kan wannan katako bai taɓa rabuwa da ƙanƙara ba. Wuta ba ta ɗaukewa. Dokar abinci ta ƙasar ta ce abinci mai saurin lalacewa a ajiye shi a digiri 5 ko ƙasa, ko kuma digiri 60 ko sama. Idan ya fita daga wannan ma'auni har awa huɗu, zubarwa ake yi. Shinkafar ma ba don daɗi kaɗai ake zuba mata ruwan khal da sukari da gishiri ba, tsamin ne ke hana ƙwayoyin cuta yaɗuwa, har akwai ma'aunin tsamin da ake so ta kai. Kowane shago yana da rajista da ƙaramar hukuma, a nan ta Yarra, kuma duba-garinsu suna shigowa su buɗe firij su sa ma'aunin sanyi su duba littafin da ake rubuta shi. Shi ya sa da yamma, dab da rufewa, masu tsaya-ka-saya suke karya farashi. Abin da ya rage ba zai kwana ba.

To ki auna wannan da kifin da ke iso mana Kano. Na ƙanƙara ya yi makonni a jirgin ruwa, ya sauka Legas, ya hau mota, ya narke ya sake daskarewa ba a san sau nawa ba kafin ya kai firizarki, ita ma firizar tana jiran rahamar masu wuta da kuɗin dizal. Idan aka soya shi ko aka dafa, lafiya lau. Ɗanye kuwa, ina roƙonki kada ki fara. Kada kuma wani ya ce miki ai ga tarwada da karfasa sabbin kamu daga Tiga ko Bagauda. Kifin ruwan daɗi ya fi na teku haɗari idan ba a dafa ba, saboda tsutsotsin da ke rayuwa a namansa suna iya zama a jikin mutum. Su kansu Japanawa sun daɗe ba sa cin ɗanyen salmon saboda tsoron tsutsa, sai a shekarun 1980 da mutanen Norwe suka dage da tallata musu nasu na kiwo. Mutum ɗaya ya kwanta asibiti ta dalilin abincinki, sunan da kika yi shekaru kina ginawa ya tafi.

Sai maganar halal, wadda ita ce ta fi ba ni aiki. Kifin ba matsala, mu da muke bin mazhabar Malikiyya duk abin da ya fito daga teku halal ne gare mu, har jatan lande da ƙaguwa, ko da yake abokan aikina 'yan Pakistan mabiya Hanafiyya suna tsayawa a kan kifi kawai. Matsalar tana cikin kwalba. Girkin Japanawa ya dogara da wani ruwa mai zaƙi da ake kira mirin, giyar shinkafa ce, ta ainihin tana da barasa wajen kashi 14 cikin ɗari, ga kuma sake, ita ma giya ce da suke zubawa a girki. Duk wani nama ko kifi da kika ga ya yi ja yana sheƙi, irin teriyaki, da wuya babu su a ciki. Wasu ma har a shinkafar sushi suke ɗigawa. Taliyarsu mai romo, ramen, wadda ake bin layi a kanta lokacin sanyi a kan dala 20 zuwa 25, mafi shahararta da ƙashin alade ake dafa romon. Ƙananan naɗe-naɗen fulawar nan da ake kira gyoza, yawanci alade ne a ciki. A titin Sydney da ke Brunswick da Coburg, inda Labanawa da Turkawa suka yi yawa, takardar shaidar halal a liƙe take a ƙofa. A Fitzroy ba kasafai ake ganinta ba, sai ka tambaya.

A nan kuwa dole in yaba musu. Na tambayi wata yarinya mai kawo abinci ko akwai mirin a shinkafarsu. Ba ta ce mini babu don ta sallame ni ba. Ta ce in ba ta minti ɗaya, ta shiga kicin, ta dawo riƙe da jarkar da suke haɗa shinkafar da ita, ta juya mini bayanta na karanta abin da ke ciki da kaina. Akwai shi. Sai ta nuna mini abin da zan iya ci: yankan kifi zalla ba shinkafa, da dafaffen ɗanyen waken suya da gishiri, da farar shinkafa. An horar da su a kan haka ne saboda masu rashin lafiyar da gyaɗa ko alkama ke tayar musu, amsar ƙarya tana iya kashe mutum ta kuma rufe shago. Mu ma mun ci moriyar wannan horo. A gida sau nawa muke tambayar yaron shago abin da ke cikin miya, ya ce "komai lafiya Alhaji", alhali bai taɓa leƙa tukunyar ba?

Farashi a rubuce yake, harajin kashi 10 yana ciki, babu ciniki. Ba a jiran na goro, domin a Yulin 2025 an mai da mafi ƙarancin albashi dala 24.95 a awa ɗaya, kuma na Lahadi ya fi haka. Wannan ne ya sa abincin ke da tsada, shi ne kuma ya sa shaguna da yawa ke ƙara kashi 10 a ƙarshen mako, kashi 15 a ranar hutun gwamnati, su rubuta a ƙasan takarda. Ruwan sha na famfo kyauta ake ajiyewa a tebur tun kafin a tambaya.

Abin da ban saba da shi ba har yau shi ne ƙididdigar komai. Babu gyara. Ƙarin koren yajin nan, wanda ma yawancinsa ba wasabi na gaske ba ne, wani saiwa ne mai yaji da aka rina, a wasu wuraren sai an biya. Idan kin kama tebur da dare a gaya miki awa ɗaya da rabi gare ki. Wata rana muna tsakiyar hira da wani baƙo da ya zo daga Sydney aka kawo mana lissafi cikin ladabi, aka ce masu teburin na gaba sun iso. Na ji nauyin baƙon nan ƙwarai. Na tuna yadda tsofaffin kwastomominki ke zama bayan sun gama har a kira magariba, ki ma aiko musu da zoɓo. Kada ki yar da wannan don kin ga Turawa ba sa yi.

Akwai abu ɗaya da ya kai ni gida ban shirya ba, miyar miso. Waken suya ne da aka bari ya ruɓa da gishiri, a dama shi a romon busasshen kifin da aka yi wa banda. Kurɓar farko ƙamshin daddawa na ji, sak miyar kukar Inna ba yauƙi.

Idan har kina son ki ba kwastomomin nan wani abu, ga abin da nake gani zai yiwu. Naɗin nori da dafaffen ciki: tuna na gwangwani da mayonis, kokwamba, fiya, wainar ƙwai, ko soyayyar kaza. Da karaage, wato cinyar kaza da aka cire wa ƙashi aka jiƙa a citta da tafarnuwa da ruwan soya sos, aka barbaɗe da sitacin dankali aka soya, ba sai an sa giya ba, kuma na tabbata zai karɓu a Kano. Wahalar ita ce shinkafa. Tamu 'yar Hadeja ko ta Kura da aka turara warwarewa take yi, sushi kuwa sai gajeriya mai danƙo. A nan ana noma ta a yankin Riverina, kuma wani Bajapane mai suna Takasuka ne ya fara noman shinkafa na sayarwa a jihar nan ta Victoria, kusa da Swan Hill, tun wajen 1914. Ki fara gwadawa da shinkafar tuwo, ki rage mata ruwa, ki zuba khal ɗin tana da zafi kina fifita ta. Ki yi kaɗan, ki sayar a ranar, abin da ya rage kada ya kwana.

Zan ba wani ɗan uwa da zai taho gida bayan Sallah fakitin nori da tabarmar gorar da ake naɗawa da ita, ba su da nauyi. Ki gaya mini ko in haɗa da shinkafar kilo biyu don ki ga irinta. Ki gaishe mini da Inna da kyau, ki ce ƙafar tata ta ci gaba da shan magani, ki kuma gaida maigidan da yara.

Naki ƙaninki.